Wa Ke Yi Wa Ma'aikacin Asibiti Ta'aziyya?

Jawabin da aka gabatar a madadin 'ya'yan unguwa masu aikin asibiti, a taron shekara-shekara na ƙungiyarmu a Sabo, Badun



Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzonsa (SAW), muna miƙa godiyarmu ga shugabannin wannan ƙungiya da suka ba mu wannan dama. Da aka ce bana ma'aikatan asibiti ne za su yi jawabi, mun san da yawanku kun zaci za mu zo da bayanin zazzaɓin cizon sauro ne, ko hawan jini, ko allurar rigakafi, kamar yadda aka saba. To amma da muka zauna, mu nas-nas da unguwarzoma da likitoci da masu ba da magani 'yan wannan unguwa, sai shawara ta tsaya a kan wani abu dabam, wanda kullum muna ɗauke da shi amma ba mu taɓa faɗa muku ba. Wato halin da zukatanmu ke shiga idan muna jinyar mutumin da alamu suka nuna ba zai tashi ba.

Akwai wata magana da muke ji a wurin zaman makoki, wani lokaci ma muna zaune a kan tabarmar ake faɗinta: wai mutanen asibiti sun saba da mutuwa, zuciyarsu ta bushe. Sai a ce, "Tsohon nan yana cikawa, nas ɗin ta ja labule ta wuce abinta, ko a jikinta." Jama'a, wannan magana muka zo mu warware yau. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma mu dai kada a tambayi fuskarmu, domin horar da ita aka yi ta ɓoye.

DALILIN DA YA SA FUSKA KE BUSHEWA

Ku ɗauki ɗakin majinyata mai gado ashirin ko talatin, da tsakar dare, ma'aikata biyu ne kacal a bakin aiki. Mai gado na bakwai ya cika. Duk sauran majinyatan idonsu biyu, kuma ba gawar suke kallo ba, fuskar nas suke kallo, kowa yana neman ya karanta nasa labarin a cikinta. In ta fashe da kuka, ɗakin nan gaba ɗaya ya rikice. Ga shi kuma ƙarin ruwan mai gado na tara ya kusa ƙarewa, allurar mai gado na goma sha biyu lokacinta ya yi, ba za ta jira ba. Saboda haka sai ta rufe wa mamacin ido, ta ɗaure masa haɓa, ta miƙe masa gaɓoɓi, ta lulluɓe shi, ta duba agogo ta rubuta lokaci a fayil, ta wanke hannu, ta nufi gado na tara. Abin da dangi suka gani ke nan. Abin da ba su gani ba shi ne mintin nan biyu da ta yi a ɗakin ajiye magani, ta juya wa ƙofa baya. Kowane ɗaya daga cikinmu yana da irin wannan lungu nasa a wurin aikinsa.

Bayan horon makaranta kuma ga tarbiyyar gida. Mu Hausawa an raine mu da dauriya da kunya. Namiji ba ya kuka a gaban mutane, mace mai hankali ba ta ɗaga murya. Sai abu biyu suka haɗu a kanmu, aiki ya ce daure, al'ada ta ce daure.

ABIN DA KE CIKIN ZUCIYA

Na farko shi ne shaƙuwa. Mai ciwon daji ko ciwon ƙoda ba kwana ɗaya yake yi a hannunmu ba. Wani wata uku, wani shekara yana zuwa yana komawa. Mun san sunayen 'ya'yansa, mun san wanda yake kira idan zafi ya taso, mun san ba ya son a taɓa shi da hannu mai sanyi. Akwai tsoho da zai riƙa kiran nas "'yata", akwai yaro da zai ajiye mata rabin biskit ɗinsa. Ranar da aka zo aiki aka tarar an sauya zanen gadon, wani sabon mutum na kwance a kai, wallahi abin da ake ji rashi ne sosai. Bambancin kawai shi ne dangi za su zauna kwana uku ana zuwa ana ba su haƙuri, mu kuwa ƙarfe takwas na safe muna bakin aiki.

Na biyu shi ne tuhumar kai. Dukkanmu mun yi imani ajali ba ya wuce lokacinsa. Amma duk da haka ma'aikaci zai kwanta yana juyi yana bin abin da ya faru daki-daki: da na leƙa shi tun ƙarfe biyu fa? Da an kira likita da wuri fa? Sau da yawa babu abin da aka bari ba a yi ba, kowa ya shaida, amma zuciya ba ta karanta fayil. Wannan ya fi tsanani ga sababbin ma'aikata, kuma babu wanda ke manta majinyaci na farko da ya cika a hannunsa, ko da ya yi shekara talatin yana aiki.

Na uku shi ne takaici. Akwai mutuwar da ke zuwa bayan an yi duk abin da ilimi ya sani, wannan tana da sauƙin ɗauka. Akwai kuma wadda muke kallo muna sane cewa da an zo wata shida baya, da labarin ya sha bamban. Mace ta ji ƙullutu a nononta, kunya ta hana ta faɗa, aka yi ta shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, sai da ya fashe aka kawo ta. Ko kuma a rubuta ƙarin jini a rasa mai bayarwa, ko a rubuta magani a ga maigida ya fita da takardar bai dawo ba sai la'asar, hannu wofi, idonsa a ƙasa. Babu ma'aikacin da ke cikin wannan zaure da bai taɓa sa hannu a aljihunsa ba a irin wannan rana. Idan kun ga muna faɗa a kan jinkiri, to daga nan faɗan yake fitowa.

Na huɗu shi ne tsoro, domin mu ma masu rai ne, muna da 'ya'ya a gida. A shekarar 2014 wani matafiyi daga Laberiya ya shigo Ikko da cutar Ebola. Likita Ameyo Adadevoh ta tsaya tsayin daka ta hana shi barin asibiti ya shiga cikin jama'a. Ta kamu, ta rasu ranar 19 ga Agusta na wannan shekara. Mutum 20 suka kamu a ƙasar nan, 8 suka rasu, cikinsu har da likitoci da masu aikin jinya. Haka nan a 2020, lokacin annobar korona, an hana dangi shiga wurin majinyatansu, sai ya zama fuskar ƙarshe da mutum zai gani ita ce ta ma'aikaci, ita ma a rufe. Wasu ma'aikatan sun yi makonni ba su rungumi 'ya'yansu ba.

Na biyar yana da nauyin faɗi, amma za mu faɗa. Idan mutum ya daɗe yana shan azaba, ranar da Allah ya karɓi abinsa, mukan ji wani sanyi a zuciya, mu ce ya huta. Daga baya kuma sai mutum ya riƙa jin kunyar kansa, yana cewa ya za a yi in ji sauƙi don wani ya mutu? Mun san masu jinya a gida, musamman iyayenmu mata da suka shekara suna juya mara lafiya, su ma suna jin haka suna ɓoyewa. Muna so su sani wannan daga tausayi yake fitowa, kada wata ta zargi kanta.

KAYAN DA YA RATAYA A WUYAN ƊAN SABO

Duk abin da muka lissafa, abokan aikinmu Yarbawa da Inyamurai da sauran ƙabilu suna ji kamar yadda muke ji. Amma mu 'ya'yan zango muna da wani ƙarin kaya.

Tun da aka kafa unguwar Sabo a 1916, garin nan bai taɓa rabuwa da baƙi ba: fatake masu goro, masu shanu, direbobi, 'yan ci-rani, almajirai. Da yawansu iyalinsu na Arewa. Idan ciwo ya kayar da irin wannan mutum aka kai shi asibiti, ba ya jin Turanci, ba ya jin Yarbanci, abin da za a fara yi shi ne a ce a nemo Bahaushen nan ko Bahaushiyar nan, ko da kuwa a wani sashe dabam muke aiki. Likita zai faɗi sakamakon gwaji da Turanci cikin minti biyu, ya wuce ga na gaba. Mu ne za a bari tsaye muna neman Hausar da za mu gaya wa bawan Allah cewa ciwon ya wuce inda magani ke kaiwa. Bakin da ya faɗi maganar shi ake tunawa. Likita ba zai sake ganin dangin nan ba, mu kuwa sahu ɗaya za mu tsaya da su a masallacin Juma'a, rumfa ɗaya za mu sayi nama.

Wani lokaci kuma babu dangin ma sam. Sai ɗan Sabo ya zama shi ne wa, shi ne ƙane, shi ne mai jiƙa masa leɓe da auduga, shi ne mai laƙƙana masa kalmar shahada, shi ne mai laluben aljihu ko za a dace da lambar waya. A nan ya wajaba mu yaba wa abokan aikinmu, har da waɗanda ba Musulmi ba. Sau nawa wata nas Kirista ta aiko a guje ta ce, ku zo, mutuminku ya kusa, ku zo ku yi masa abin da kuke yi. Allah ya saka musu da alheri.

Sai maganar "kada a gaya masa". Dangi sukan ja mu gefe su roƙe mu mu ɓoye wa majinyaci halin da yake ciki. Mun san ƙauna ce ta sa. Amma ku duba matsayin da aka sa mu: kullum da safe mutum zai kama hannunmu ya ce, "Malam, yaushe za a sallame ni?" Alhali kuwa galibinsu sun riga sun sani, jiki magayi ne. Shi yana ɓoyewa don kada hankalinku ya tashi, ku kuna ɓoyewa don kada nasa ya tashi, sai kowa ya zauna shi kaɗai da abin da ya sani. Kuma ku tuna kasuwancin unguwar nan a kan amana da bashi aka gina shi. Maigida yana riƙe da kuɗin baƙinsa, an ba da shanu lamuni, an ɗauki huhun goro sai an sayar a biya, yawanci ba a rubuce ba. Mutumin da aka ɓoye wa gaskiya yakan tafi bai faɗi wanda yake bi da wanda ke bin sa ba, bai yi wasiyya ba, bai nemi gafarar wanda ya ɓata wa ba. Rigingimu nawa aka kawo gaban Sarki waɗanda da an ba mamaci awa ɗaya ya yi magana da ba su taso ba? Ba mu ce a faɗa da gatsali ba, kuma babu likitan da ya san ranar wani. Amma akwai hanyar faɗa cikin hikima, a hankali, gwargwadon abin da mutum ya nemi sani, kuma an koya mana ita.

Haka nan maganar "a mai da shi gida". Burin kowa ne ya cika a cikin danginsa, ba mu ga laifin wannan ba. Matsalar ita ce lokacin da ake yanke shawarar. Sai an ga numfashi ya sauya, ƙafafu sun yi sanyi, sannan a zo a sa hannu a takarda a ce za a tafi. A cire masa iskar oksijin, a kwantar da shi a bayan mota, a kama hanyar Oyo, Ogbomosho, Ilori. Mu da muka raka shi bakin ƙofa mun san da wuya ya haye gadar Jebba. Bayan kwana biyu sai labari ya zo an yi jana'izarsa a wani gari a hanya, inda ba shi da kowa. In za a tafi gida, a tambaye mu tun da sauran ƙarfi, za mu faɗi gaskiya, mu haɗa shi da magani da takardar da zai kai asibitin can.

IDAN KAYA YA TARU

Abin da aka danne ba ya ɓacewa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana wata irin gajiya da aiki ke haifarwa idan matsi ya daɗe ba a magance shi ba, ta kuma ba da alamunta uku: ƙarfin mutum ya ƙare, ya riƙa nesanta zuciyarsa daga aikin, sannan ƙwazonsa ya ragu. Ku lura da ta biyun. Wani ma'aikacin da kuke ganin ya zama mai tsawa da ɗaure fuska, da can shi ne ya fi kowa tausayi. Wannan ba uzuri ba ne ga wulaƙanta majinyaci, wanda ya yi wulaƙanci a kai ƙararsa. Amma a san inda ciwon ya samo asali. Ga kuma ƙarancin hannu: a 2023 hukumar ta sa Nijeriya cikin ƙasashe 55 da suka fi fama da ƙarancin ma'aikatan lafiya, kuma kowannenmu yana iya lissafa abokan karatunsa da suka tafi Ingila ko Saudiyya. Wanda ya rage shi ke ɗaukar aikin mutum uku. A gida kuma sai a ga ba ya barci, ba ya son magana, abu kaɗan ya harzuƙa shi. Ku 'yan goro kun fi kowa sanin karin maganar nan, rai dangin goro ne, sai da ban iska. Huhun da aka ɗaure aka manta, ba a buɗe an sauya ganye ba, kun san yadda ake tarar da shi.

ABIN DA KE RAGE NAUYI

Babban abin da ke karya zuciyar ma'aikaci shi ne ya ji an ce babu sauran abin yi. To, ilimi ya nuna kullum akwai abin yi. Wata Baturiya mai suna Cicely Saunders, wadda ta fara da aikin nas kafin ta zama likita, ta buɗe gidan kula da masu ciwon ajali a Landan a 1967. Ta koyar da cewa zafin mai ciwon ajali ya haɗa da na jiki, da na zuciya, da damuwar iyali, da abin da ke tsakaninsa da Mahaliccinsa, kuma kowanne ana iya sassauta shi. A nan Badun, asibitin koyarwa na UCH, wanda aka buɗe a 1957, ya kafa sashen irin wannan kulawa a 2007, da ƙoƙarin su Farfesa Olaitan Soyannwo. Akwai maganin kashe zafi mai ƙarfi da ake kira mofin. Wasu dangi kan ƙi a ba nasu, wai shi ke ƙarasa mutum. In likita ya auna shi bisa ƙa'ida, zafi yake ɗaukewa, har mutum ya samu ya yi salla, ya yi magana da 'ya'yansa, ya yi barci. Ranar da majinyaci ya cika cikin natsuwa, a tsaftace, da nasa a gefensa, mukan koma gida da baƙin ciki, amma zuciya a kwance.

Wannan aiki kuma yana da asali a addininmu. Bayan yaƙin Handaƙ, a shekara ta 5 bayan Hijira, da aka ji wa Sa'adu ɗan Mu'azu rauni, a tantin Rufaida aka kwantar da shi a masallacin Madina, ita ce ta yi jinyarsa, kuma raunin nan ne ya zama ajalinsa. Babu wanda ya ce aikinta ya tafi a banza. Haka kuma ya tabbata Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye lokacin rasuwar ɗansa Ibrahim. Malamanmu suna nan, su ne za su faɗaɗa mana, amma mun fahimci hawaye ba ya rushe tawakkali.

ROƘONMU GA JAMA'A

Na ɗaya, a kawo mara lafiya da wuri, musamman iyayenmu mata. Maigida ya riƙa tambaya, kada ya jira a gaya masa.

Na biyu, muna roƙon ƙungiya ta kafa kwamitin dattawa da matasa, maza da mata, masu jin Yarbanci ko Turanci, waɗanda za a riƙa kira idan baƙo ya kwanta ba shi da kowa. Su yi tafinta, su zauna da shi, su nemo danginsa. A haɗa da ɗan asusu na likkafani da magani, da jerin matasan da suka yarda su ba da jini. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na uku, kowane gida ya zaɓi mutum ɗaya da zai riƙa magana da likita, maimakon mutum goma kowa da tasa tambayar. Idan mara lafiya ya daina karɓar abinci a kwanakinsa na ƙarshe, kada a ɗura masa kunu da ƙarfi, yana iya sarƙe shi ya shiga huhu. A jiƙa masa leɓe, a riƙe hannunsa, a yi masa magana mai daɗi a kusa da kunne.

Na huɗu, idan rai ya yi halinsa, mun san ana gaggawar sutura, mu ma muna so. Amma takardar shaidar mutuwa da sallamar gawa suna da ƙa'idarsu, ba nas ce ta kafa ta ba. A yi haƙuri da ita.

Na biyar ga 'yan'uwanmu ma'aikata ne. Babba ya ja ƙarami a jiki ranar da ya yi rashin farko, ya zaunar da shi ya saurare shi. Wanda ya ga barci ya ƙaurace masa, ko ya fara neman abin da zai sha don ya manta, ya nemi taimako, akwai likitocin wannan fanni kuma babu abin kunya a ciki.

Na ƙarshe shi ne mafi sauƙi. Idan kun ga ɗanku ko 'yarku ko matarku ta dawo daga aikin dare ta yi shiru, kada a ce mata ai kin saba. A ce sannu, a bar ta ta huta. Idan kuma an tashi daga zaman makoki, wani daga cikin dangi ya taka ya je wurin wanda ya yi jinyar, ya ce masa mun gode, ya haƙuri. Kaɗan ne ke yin haka, amma duk wanda aka taɓa yi wa a cikinmu yana iya gaya muku ranar da sunan mamacin.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, na gida da baƙin da aka binne a ƙasar nan. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ba masu jinya lada, ya sa mu cika da imani, ya zaunar da unguwarmu da ƙasarmu lafiya.